Ƙurar Fanka da Amanar Mai Gyara

A wani ɗaki a unguwarmu ta Rumde Ajiya a Garwa, kusa da filin ƙwallon da Najeriya ta buga wasanninta na kofin Afirka a Janairun 2022, na fara riƙe sukundireba. Wasu 'yan sa-kai ne ke tara mu duk Asabar, su baje tsofaffin kwamfutocin da ofisoshi suka yar, su ce mu kwance mu sake haɗawa. Ko dala ba sa karɓa. A wurinsu na san firosesa da RAM da akwatin wuta, na kuma koyi ƙa'idar neman cuta: fara da abu mafi sauƙi, kuma kada ka canza abu biyu lokaci guda.

Bayan hannuna ya faɗa, wani dattijo malamin makaranta ya kawo mini tasa. Da ta yi minti goma sai ta mutu. Ina buɗewa na ga dalili. Ƙurar hunturu ta toshe fanka, ga zafin Garwa na watan Afrilu, to firosesa idan ya ɗau zafi fiye da kima kashe na'urar yake yi don kada ya ƙone. Na share ƙurar, na shafa sabon man sanyaya, shi ke nan.

Ya ce, "Ɗana, wane ƙarfe ne ya lalace?"

A nan zuciya ta raya mini abin da take raya wa kowane mai sana'a. In na ce babban allon ne ya ƙone, zai ƙirgo jaka 25 har da godiya. In na ce ƙura ce, zai ga aikin bai kai jaka ɗaya ba.

Masu yin ƙaryar suna da hujjarsu, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa mutanenmu ƙarfe suke biya, ba sa biyan sani. Wata shidan da ka yi kana koyo ba a ganinsa a aikin minti biyar. Wannan gaskiya ne. Amma ina ganin sun cakuɗa abu biyu. Ladan sanina haƙƙina ne, in yanka shi a fili, mai kaya ya yarda ko ya ƙi. Abin da na karɓa saboda shi bai sani ba kuwa algus ne, irin wanda Manzon Allah (SAW) ya hana lokacin da ya tarar da jiƙaƙƙen abinci ɓoye a ƙarƙashin busasshe. Wanda ya miƙa maka abin da ba zai iya dubawa ba, idonka ya ara. Balle ni da aka koya wa kyauta domin unguwa ta huta, yaya zan mayar da kyautar tarko ga 'yan unguwar?

Na ce, "Baba, ƙura ce. Jaka biyu ne ladana." Ya yi tsaki, ya ce tsada, ya ajiye ɗaya da rabi. Raina ya sosu, ba zan ɓoye ba. Duk da haka na nuna masa ramukan iskar, na ce ya daina ɗora ta a kan katifa. Asabar ta gaba ya turo jikarsa ajinmu.