Alƙalin Wasa Da Mudunmu Biyu

 

Wasu za su yi mamakin ganin zancen ƙwallo a takardar masallaci. A yi mana haƙuri, dalili ne ya kawo shi. Ranar Lahadin da ta wuce, a gidan kallon da ke bayan layinmu, alƙalin wasa ya ba da fenareti ana dab da tashi a wasan wasu ƙungiyoyi biyu na Ingila. Nan take musu ya kaure. Wannan ya ce wallahi an sayi rafali, wancan ya ce ai masu faɗin haka su suka saba cin haram. Kafin a ankara magana ta bar ƙwallo ta koma kan iyaye. Samari biyu 'yan gari ɗaya, mota ɗaya ta kawo su Abuja, ɗaki ɗaya suke haya, yau kwana biyar ke nan ba sa gaisawa. Kowa ya san Manzon Allah (SAW) ya hana Musulmi ya ƙaurace wa ɗan uwansa fiye da kwana uku. Shi kuwa rafalin da suke faɗa a kansa bai ma san da zamansu a duniya ba.

Ba mu ɗauko maganar don mu tona wa kowa asiri ba, domin kaɗan ne a cikinmu bakinsu bai taɓa furta "an saye shi" ba. Tambayar da muke so mu yi wa kanmu ita ce: idan hukunci ya faɗa kan ɓangarenmu, muna iya yi wa mai hukuncin adalci kuwa?

Mu fara da abin da ya faru a garin nan. Ranar Talata 29 ga Maris 2022, saura 'yan kwanaki a ɗauki azumi, Najeriya ta karɓi baƙuncin Ghana a filin wasa na Moshood Abiola, ana neman gurbin zuwa gasar cin kofin duniya ta Qatar. An riga an tashi canjaras babu ci a Kumasi. Da yawa cikinmu sun rufe shago da wuri sun tafi. Thomas Partey ya fara ci wa Ghana. Can sai aka ka da Ademola Lookman a cikin da'irar gola, alƙali ya je ya duba na'urar VAR ya ba mu fenareti, William Troost-Ekong ya farke. A lokacin babu kalar yabon da ba mu yi wa na'urar nan ba, har da masu cewa da ba don ita ba da an cuce mu. Kafin a tafi hutun rabin lokaci Victor Osimhen ya jefa ƙwallo a raga, aka duba wannan na'urar dai, aka soke ƙwallon saboda satar gida. Sai ga bakin da ya gama yabo yana tsinuwa. Alƙali bai canja ba, na'ura ba ta canja ba, tsakanin hukuncin farko da na biyu ko rabin awa ba a yi ba. Mu ne muka canja.

An tashi 1-1, Ghana ta wuce saboda ƙwallon da ta ci a waje. 'Yan kallo suka ɓarke cikin fili suna farfasa kaya, 'yan sanda suka harba barkonon tsohuwa. Gaskiya fushin ranar ya fi yawa a kan 'yan wasanmu da kocinsu, amma tushen ɗaya ne, rai ya ƙi karɓar sakamako. Daga baya FIFA ta ci Najeriya tarar kuɗin Suwizalan 150,000, ta kuma sa a buga wasa ɗaya ba 'yan kallo. Ɓarnar ba ta ƙara mana ko ƙwallo ɗaya ba.

Wani zai ce, to ai akwai ranar da aka cuce mu da gaske. Ƙwarai kuwa akwai. Masu shekaru irin namu muna yara lokacin wasan ƙarshe na kofin Afirka a Legas, ranar 13 ga Fabrairu 2000, Najeriya da Kamaru. An tashi 2-2 aka je bugun fenareti. Victor Ikpeba ya buga, ƙwallo ta daki ƙarfen sama ta dira bayan layi ta fito, alƙali Mourad Daami na Tunisiya ya ce ba ta shiga ba. Hoton talabijin ya nuna ta shiga. Kamaru ta ɗauki kofi da ci 4-3. Har yau idan aka zauna a teburin mai shayi aka tuna ranar, sai ka ji mutane suna huci kamar jiya aka yi.

To amma mutum nawa ne a cikinmu suke tuna ranar 21 ga Yuni 2014? A gasar cin kofin duniya ta Brazil, Edin Dzeko na Bosniya ya ci Najeriya ƙwallo lafiyayya, aka ɗaga tuta aka ce satar gida ce, alhali hoto ya nuna bai yi ba. Daga baya Peter Odemwingie ya ci mana, muka yi nasara 1-0. Wannan wasan ne ya fitar da Bosniya, a zuwanta na farko gasar, mu kuma muka kai zagaye na biyu. Daren nan murna muka yi, babu wanda ya ce an sayi rafali. Ciwon da muka ji a 2000 shi mutanen Sarajevo suka ji a 2014, sai dai nasu bai shiga lissafinmu ba.

Wannan shi ne awo da mudu biyu. Yawancinmu 'yan kasuwa ne, mun san abin da Suratul Muɗaffifin ta faɗa a kan masu cika mudu idan za su karɓa, su tauye idan za su bayar. Mun saba ɗaukar ayar a kan shinkafa da gero, amma magana ma ana auna ta. Wanda ya kira kuskuren da ya cutar da shi zalunci, ya kira wanda ya amfane shi "ai ƙwallo ta gaji haka", mudu biyu gare shi. Suratun Nisa'i aya ta 135 ta umarce mu da tsayawa kan adalci ko da a kan kawunanmu ne da iyayenmu da danginmu. Suratul Ma'ida aya ta 8 ta gargaɗe mu kada ƙin wasu mutane ya hana mu yi musu adalci. Idan umarnin ya hau kan iyaye da dangi, ina ga ƙungiyar da ba ta san sunanmu ba?

Kada a ɗauka muna cewa alƙalai duk mala'iku ne. Akwai maciya amana, kuma an kama wasu. A Nuwamba 2016, a wasan Afirka ta Kudu da Senegal, alƙali Joseph Lamptey ɗan Ghana ya ba da fenareti wai ƙwallo ta taɓa hannun Kalidou Koulibaly, alhali ƙafarsa ta taɓa. Senegal ta kai ƙara, FIFA ta yi bincike, ta dakatar da shi har abada a 2017 bisa laifin murɗe sakamako, aka sake buga wasan, Senegal ta ci 2-0 ta tafi kofin duniya. A lura da hanyar da aka bi: ƙara, bincike, hujja, sannan hukunci. Mu kuwa daga benci a gidan kallo, cikin daƙiƙa biyar, mun gama bincike mun yanke wa mutum hukuncin cin hanci, wani har da rantsuwa. Kuskure daban, ha'inci daban. Mai cewa alƙali ya yi kuskure abin da idonsa ya gani yake faɗa, kuma yana da wannan damar. Mai cewa an saye shi kuwa ya shiga zuciyar mutum ya shaidi abin da bai gani ba. Suratul Hujurat ta hana mu yawan zato, Hausawa ma sun ce zato zunubi ko da ya zama gaskiya. Kasancewar mutumin baƙo ne a nesa, ko ba Musulmi ba ne, bai halatta mana mutuncinsa ba.

Na'ura ma ba za ta raba mu da wannan jarrabawa ba. A Amurka suna da tasu ƙwallon ta daban, wadda kyamarori suka kewaye ta ko'ina. A Janairun 2019, a wasan da zai kai ƙungiya wasan ƙarshe, ɗan wasan Los Angeles Rams ya bangaje na New Orleans Saints kafin ƙwallo ta iso, laifi ƙarara, alƙalai ba su hura ba, Saints suka faɗi. Magoya baya har kotu suka je, ba su samu komai ba. Hukumar gasar ta kawo dokar duba irin wannan laifi a bidiyo, gardama ta ƙi ƙarewa, bayan kaka ɗaya aka soke dokar. Duk inda aka kai na'ura, ɗan Adam ne zai kalle ta ya yanke, kuma ɗan Adam ajizi ne.

Shari'armu ta san da haka tun tuni. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa mai hukunci idan ya yi iya ƙoƙarinsa ya dace yana da lada biyu, idan ya yi ƙoƙari ya kuskure yana da lada ɗaya. Haka kuma a hadisin Ummu Salama, Manzon Allah (SAW) ya sanar da masu kawo masa ƙara cewa shi mutum ne, yana hukunci ne da abin da ya ji, wani zai iya fin wani iya tsara hujja, don haka wanda aka yanke masa haƙƙin ɗan uwansa kada ya karɓa, yankin wuta ne. Mu duba inda aka ɗora nauyin. An ɗora shi a kan wanda hukuncin ya yi wa daɗi alhali ya san gaskiya. Mu kuma kullum idonmu na kan ranar da aka hana mu, ba ma tuna ranar da aka ba mu abin da ba namu ba.

Abin da ya fi damun mu a kwamiti ke nan, domin halin ba ya tsayawa a gidan kallo. A gida, idan rigima ta tashi akwai mai unguwa, akwai dagaci, akwai kawu da baffa waɗanda ba a ƙetare maganarsu. A nan Abuja ba mu da kowa sai junanmu. Rigimar adashi, kuɗin haya, bashi tsakanin abokan kasuwa, balas tsakanin mai Keke da direbansa, duk gaban Liman da dattawan sulhu ake kawo su. Dattawan nan ba a biyansu ko sisi, suna barin sana'arsu su zauna har bayan Isha'i. Amma mun sha gani, wanda aka ba gaskiya ya fita yana cewa Allah Ya saka wa malamai, wanda aka ba rashin gaskiya ya fita yana cewa ai dama ɗan garinsu ne, ko an kai musu wani abu. Sak maganar gidan kallo. Har akwai dattijon da ya nemi a cire sunansa daga masu sulhu saboda irin wannan. Ranar da mutanen kirki suka gudu daga kujerar nan, ofishin 'yan sanda da kotu za mu koma, kuma kowa ya san abin da hakan ke ci na kuɗi da lokaci da zumunci.

Don haka muna roƙon kanmu abu uku. Na farko, kafin mu yi magana a kan kowane hukunci, mu juya shi: da ɓangarenmu aka ba, me za mu ce? Idan amsar ta bambanta, mu san son rai ne ke magana. Na biyu, mu tsaya a kan "ya yi kuskure", kada mu tsallaka zuwa "an saye shi" sai da hujjar da za mu iya tsayawa da ita gaban Allah. Wanda bai gamsu da sulhun kwamiti ba, ƙofa a buɗe take ya nemi a sake zama da wasu dattawan, wannan haƙƙinsa ne, ya fi yaɗa magana a majalisa. Na uku, wanda ya san an ba shi abin da ba nasa ba, ya mayar, ko da takarda ta ce nasa ne.

Ku kuma ƙannenmu biyu, kun san kanku. Ƙungiyoyin nan za su sake haɗuwa baɗi, 'yan wasan ma tun a fili suka yi musabaha suka yi musayar riga. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da ɗayanku a ɗakin nan, ɗayan ne zai nemo magani. Mafi alherinku shi ne wanda ya fara sallama, kuma muna fatan ganin haka kafin La'asar ɗin yau.

Allah Ya ba mu ikon faɗin gaskiya ko da a kanmu ne, Ya tsare harsunanmu daga mutuncin bayinSa, Ya saka wa dattawanmu da alheri, Ya mai da mu gidajenmu lafiya. Amin.

Wassalamu alaikum.
Sakataren Masallaci, a madadin Kwamiti