Wa ya kamata a fara ɗauka, ƙane ko mata?

A ƙasar Adar, da zarar an gama girbi, rumbu ya cika ko bai cika ba, motocin tashar Tawa kan fara kwasar samari zuwa bida. Bambeye da ƙauyukanta sun daɗe cikin wannan hali: wasu su nufi Abijan, wasu Kwatano ko Legas, wasu kuma su bi ta Agadas zuwa Libiya. Da wuya a samu wanda ya tafi haka kawai. Kusan kowa akwai wanda ya kira shi, ya aiko masa kuɗin mota, ya shimfiɗa masa tabarma a ɗakinsa. Wanda ya kafu a Abijan yana sayar da garba, abincin nan na garin rogo da kifi da aka laƙaba wa sunan Bahaushe, in ya shekara biyu sai ya aiko a turo masa ƙanensa. Gari ya ɗauka da yabo, a ce ya riƙe zumunci. Matarsa kuwa tana nan gidan surukai tana daka da ɗiban ruwa, kuma ba wanda ya ga abin tambaya a ciki.

Tambayar tana fitowa fili idan aka dubi ƙasashen da suka mai da ɗaukar dangi doka. A Faransa, tun 1976 aka bai wa baƙon da ke da takardun zama damar ɗauko iyalinsa, amma iyali a wajensu mata ce da ƴaƴan da ba su kai shekara 18 ba. Ƙane ba ya ciki. Dokar 2006 ta ce sai mutum ya yi wata 18 a ƙasar kafin ya nema, kuma dole ya nuna isasshen abin hannu da masaukin da zai ɗauki iyalin. Amurka ta fi sassauci ta wannan fuska, domin dokarta ta 1965 ta yarda ɗan ƙasa ya nema wa ɗan'uwansa na jini, sai dai jiran yakan wuce shekara goma, tun ma kafin a rufe wa ƴan Nijar ƙofar biza a 2025.

Ba'adare zai ce awon Faransa ya yi ƙunci, kuma yana da gaskiya. Marayan da wansa ya bari, wanda ya riƙa tun yana goye, ɗa ne a kowane gida na Bambeye, ko da takardar haihuwa ta ce ba haka ba. Dokar 1993, wadda ta hana ɗauko mata ta biyu, tana tilasta wa mai mata biyu ya fifita ɗaya, abin da addininsa ya hana shi.

Amma duk da ƙuncinta, wannan doka ta fara daga inda al'adar bida ta bari baya. Me ya sa ƙane ke riga mata? Domin ƙane hannu ne da zai tsare tebur ya ƙara ciniki, mata da ƴaƴa kuwa sai an kama ɗaki na daban, sai an biya makaranta da magani. Ashe zumuncin da ake yabo akwai lissafin kasuwa a cikinsa. Ba laifi ba ne mutum ya yi lissafi. Laifin shi ne a yafa masa rigar alheri har ba a iya tambayarsa. Akwai kuma dalilin da iyaye ba su faɗa da ƙarfi: muddin suruka tana gida, ɗansu zai dawo, kuɗi kuma ba za su yanke ba. Ta zama jingina ke nan, alhali auren da aka ɗaura mata na zaman tare ne. Mazhabar Malikiyya ta yanke wa matar wanda ya ɓace jiran shekara huɗu. Matar ɗan bida ba ta da wa'adin da za ta ƙirga, tun da mijinta bai ɓace ba, muryarsa tana zuwa ta waya kowace Juma'a.

Masu kare wannan tsari suna da hujja mai nauyi. Rikicin da ya ɓarke a ƙasar Kodebuwa a 2002, da yaƙin Libiya na 2011, sun koro ƴan Adar da yawa hannu wofi, kuma wanda ya bar iyalinsa gida ya gudu shi kaɗai, ya tarar da su lafiya. Sai dai in har can wurin haɗari ne da bai dace da mace ba, da wace hujja ake cire yaro mai shekara 15 daga aji a tura shi? Malaman makarantun karkara sun san kujerun da kan zama wayam bayan kaka.

Idan wasiƙar kira ta iso Bambeye, uba yakan zauna da kawunai, a ji ta bakin uwa, wani lokaci har a tambayi yaron ko yana so. Matar mai kiran tana jin labarin ne a bakin rijiya, sannan a ce ta daka garin da ƙanen mijinta zai yi guzuri da shi.