Ka Rubuta Masa, ko Ka Zauna da Shi?

Ɗan'uwa mai karatu, idan ƙanenka ya kawo maka aikin insha'i, ya ce, "Yaya, rubuta mini," me za ka yi?

Kada ka yi saurin amsawa. A Kanvili, gefen Tamale ta hanyar Bolgatanga, yaron da ke aji uku na ƙaramar sakandare yana jiran jarrabawar BECE, wadda hukumar WAEC take shiryawa a Gana tun 1990. Sakamakonta ne zai nuna ko zai sami Tamasco, ko Ghanasco, ko wata makarantar da bai so ba. Tun 2017 gwamnati ta ɗauke kuɗin babbar sakandare, amma gurbi a makarantar da kowa ke nema sai da maki. A takardar Turanci kuwa dole ya rubuta wasiƙa ko labari. To, ina laifin ka rubuta masa guda biyar ya haddace? Ai ƙauna ce.

Bari mu duba sosai. Ranar da malami ya karɓi rubutunka da sunan yaron a kai, an yi ƙarya, kai ne kuma ka koya masa ita. Ban da haka, ka ɓoye wa malamin ciwon da ya kamata ya yi wa magani. Ranar wanka kuwa ba a ɓoyon cibiya: tambaya ta sauya kaɗan, haddar ta watse.

Kurakuran yaron ma suna da amfani. A harshen Dagbani kalma ɗaya ce, "o", take tsayawa wa namiji da mace. Shi ya sa yaron Dagomba yakan kira mahaifiyarsa "he" ba tare da ya ji wani abu ya karkace ba. Ɗan zango mai jin Hausa ya san bambancin shi da ita, amma a bakinsa mota ma "ta" zo, don haka yakan ce mata "she". Wannan ba daƙiƙanci ba ne. Harshen uwa ne yake leƙowa ta cikin Turanci, kuma wanda ya gane haka ba zai yi wa yaro dariya ba.

Wani zai ce lokaci ya ƙure, zama da yaro kuma aiki ne. Gaskiya ne, rubuta masa ya fi sauƙi, amma kai ne sauƙin ya amfana.

Ka zaunar da shi. Ka ce ya ba ka labarin bikin Bugum ko hayaniyar kasuwar Aboabo da bakinsa, cikin harshen da ya fi iyawa. Ka tambaye shi me ya fara faruwa, me ya biyo baya. Sa'an nan ya rubuta da hannunsa. Idan ka ga kurakurai ashirin, ka gyara biyu yau, kada jan biro ya cinye shafin har ya ji tsoron sake ɗaukar alƙalami. Sauran goma sha takwas ɗin su jira gobe.