Kwanon Bara da Kyautar da Aka Ƙi Karɓa

A ƙasashen Tailan da Myanmar da Laos, gari na wayewa masu zuhudu na addinin Buddha suke fitowa a jere, babu takalmi, kowa rungume da kwanonsa. Ba sa roƙo, ba sa sallama a ƙofar kowa. Mutanen unguwa ne ke fitowa su durƙusa a bakin hanya su zuba musu shinkafa. Dokarsu ta hana su cin abinci bayan tsakar rana, ta kuma hana su ajiye na gobe, don haka dole gobe ma su sake fitowa. Mabiya addinin suna cewa wannan bayarwa ta kullum tana rage kwaɗayi a zuciyar mai bayarwa, kuma idan kwaɗayi ya ragu a zukata, duniya za ta zauna lafiya.

Bagobiri ba zai ji wannan a matsayin baƙon labari ba, duk da nisan da ke tsakanin aƙidarmu da tasu. A Sabon Birni da Isa, kamar sauran ƙasar Hausa, uwar gida takan ƙara gari a tukunya saboda almajirin da ta san zai zo da magariba yana cewa ko ɗan ƙanzo, iya. Manomi yakan ware damin gero na zakka tun a gona, yara kuma su kai wa malam kuɗin Laraba. Amfanin abin ya wuce cika ciki. Yaron da ya zo daga wani ƙauye na Maraɗi ko Zamfara yakan samu gidan da ake kiransa da sunansa, a nemi inda yake ran da ya yi fashin zuwa. Zumuncin da ke hana mutum ɗaga wa maƙwabcinsa makami da irin waɗannan ƙananan abubuwa ake ƙulla shi.

Sai dai yawan sadaka kaɗai bai taɓa tsare wata ƙasa ba. Myanmar na cikin ƙasashen da suka yi suna wajen kyauta, amma a can ne aka kori Musulmin Rohingya fiye da 700,000 zuwa Bangladesh a 2017. Abin da ya fi jan hankalina a tarihin Myanmar shi ne watan Satumbar 2007. Bayan jami'an tsaro sun lakaɗa wa masu zuhudu duka a garin Pakokku, sai dubbansu suka kife kwanukansu, suka daina karɓar sadakar sojoji da iyalansu. A al'adarsu wannan horo ne mai tsanani, domin an toshe wa azzalumi hanyar da yake wanke kansa a idon jama'a.

Gobir ta ga irin wannan tun da daɗewa. Wajen shekarar 1788, Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malaman ƙasarsa a Magami ranar Babbar Sallah, ya raba musu dukiya. An ruwaito cewa kason Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya kai miskali 500 na zinariya. Shehu ya ce ba ya bukata, ya nemi abu biyar a madadin haka: a bar shi ya yi wa'azi, kada a hana kowa amsa kiransa, a girmama mai rawani, a saki fursunoni, a sassauta wa talakawa haraji. Bawa ya amince. Da Shehu ya karɓi zinariyar, da shi ke nan, sarki ya yi abin kirki, malam ya yi addu'a, fursuna kuma yana nan a ɗaure.

Yau hannun da ke ba almajiri shi kansa ya ƙanƙance. A ƙauyuka da dama na Sabon Birni da Isa, manomi ba ya shiga gona ko ya girbe sai ya biya 'yan bindiga haraji. Dubban iyalai sun tsallaka Nijar zuwa yankin Gidan Rumji. A Disambar 2021 aka ƙona matafiya a cikin mota a kan hanyar Sabon Birni zuwa Isa, sannan a Agustan 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi. Matar da a da take ciyar da almajirai, yanzu ita ke riƙe da kwano a titunan Sakkwato.

A irin wannan hali, ina ganin malamin da aka kawo wa rago ko buhun hatsi ya wajaba ya tambayi daga ina ya fito, ko da mai kawowar ɗan siyasa ne ko dillalin shanun da kowa ya san inda yake samo su. Idan kuma masu mulki suka kira malamai don rabon kayan azumi ko kujerun Hajji, bukatu biyu na ƙarshe da Shehu ya gabatar a Magami suna nan ba a biya ba: a kuɓutar da mutanen da ke tsare a daji, a kuma ɗauke wa manoman Gobir harajin 'yan bindiga.