Kyautar Baƙo da Renon Yaro

Ya kai mai karatu, ga tambaya. In baƙo ya ratsa gari, ya ga yara, yana son ya yi musu alheri, me ya kamata ya ba su? Bari mu ɗauko misali daga nesa.

Can gabas, tsakanin Indiya da Sin, akwai wata ƙasa, ana ce mata Nefal. Ƙasar duwatsu ce. A kan iyakarta dutsen Eberes yake, wanda ya fi kowane dutse tsawo a duniya, mita 8849. Bisansa ƙanƙara ce rani da damina. Kowace shekara dubban baƙi suna zuwa, su yi kwanaki suna tafiya da ƙafa cikin duwatsun nan. Mutanen wurin, da ake kira Sharfa, su ne jagora, su ne masu dakon kaya. Aikin yana da haɗari. A 2014 ƙanƙara ta rufto, ta kashe ma'aikata 16 rana ɗaya. Da yawansu sun bar marayu.

Wani baƙo, in ya ga yara bakin hanya, sai tausayi ya kama shi. Ya raba alewa, ya raba kuɗi, ya wuce. Niyyarsa mai kyau ce. Amma duba abin da ya bari. Yaro ya koyi miƙa hannu. Gobe zai bar makaranta, ya je ya tsare hanya, yana jiran wani baƙon. Alewa ta narke, halin roƙo ya zauna.

Ga wani baƙon kuma. Sunansa Edmund Hillary, mutumin ƙasar Niyu Zilan, mai kiwon zuma. Ran 29 ga watan Mayu 1953, shi da wani Basharfe, Tenzing Norgay, suka fara kai ƙololuwar Eberes. Hillary bai manta da waɗanda suka ɗauki kayansa ba. Ya komo, ya tambayi manyan ƙauye abin da suke buƙata. Suka ce makaranta suke so saboda ƴaƴansu. A 1961 aka buɗe ta farko a ƙauyen Kumjun. A 1966 aka buɗe asibiti a Kunde. Shi ya nemo kuɗi da kayan gini, mutanen ƙauyuka suka ba da fili, suka yi gayya. Daga cikin yaran da suka yi karatu a makarantun da ya gina, akwai wanda ya zama likita, ya dawo yana duba marasa lafiya a asibitin Kunde. Shi kuwa Tenzing, tun 1954 ya zauna Darjilin, ƙasar Indiya, yana koya wa samari hawan dutse, don su san aikin kafin su sa ransu ciki.

Wani zai ce: ai kyauta kyauta ce, wanda ya ba yaro alewa ya fi wanda ya hana. Gaskiya ne, rowa ba abin yabo ba ce. To, amma yaro kamar danyen icce yake, inda aka tanƙwara shi nan zai bushe. Mai ba shi abu yana koya masa hali, ko ya sani ko bai sani ba. Shi ya sa baƙo na gari yakan bi ta hannun iyaye da manyan gari.

Ka lura da abu ɗaya. Hillary ya rasu a 2008, makarantar Kumjun kuwa tana nan, don mutanen gari sun ɗauke ta tasu. Baƙo raɓa ne. Mai zama da yaro kullum shi ne kai, da maƙwabcinka, da malamin gari.

An ce ɗa na kowa ne. Saboda haka, in ka iya ƙira, ko saƙa, ko noman rani, ko lissafi, jawo yaro ɗaya kusa da kai, ko ba naka ba ne, tun ba maraya ba. Koya masa da haƙuri, ka riƙa tambayar inda ya wuni. Wane yaro ne za ka fara da shi bana?