Jiki Amana Ne: Nasiha Kan Kitse

 

Ya 'yan'uwa matasa, a zangunanmu idan mutum ya ajiye teɓa sai mu ce Allah Ya buɗa masa. Amma mu duba gefen sahu a masallatanmu. Iyaye nawa ne ke salla bisa kujera? Da yawansu nauyin jiki ne ya kashe musu gwiwa, ga hawan jini, ga ciwon suga. Jiki amana ne, kuma za a tambaye mu a kansa.

Kitse ni'ima ce idan ya tsaya a ma'auni, ma'aunin kuwa yana bin shekaru. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Nana A'isha (R.A.) ta yi tseren gudu da Annabi (S.A.W.) tana siririya, ta wuce shi. Bayan shekaru, da ta yi jiki, suka sake, shi ya wuce ta. Ashe jikin yau ba shi ne na gobe ba.

Jariri yana bukatar mai domin ƙwaƙwalwarsa, kusan rabin ƙarfin da yake samu a nonon uwa daga mai ne. Kada a rage masa. Shi da katin awo na asibiti ake bin girmansa.

Baligi kuwa sai ya ninka tsawonsa na mita da kansa, ya raba nauyinsa na kilo da abin da ya samu. Mai kilo 70 da tsawon mita 1.70 zai sami 24. Daga 25 nauyi ya yi yawa, daga 30 ƙiba ce mai haɗari.

Tsoho kuma sikeli na iya yaudararsa, domin tsoka tana raguwa, kitse yana taruwa a ciki, nauyi bai motsa ba. Ga dabara ga duk baligi: mu auna tsawonmu da zare, mu ninka shi biyu, mu zagaya ƙugu wajen cibiya. Idan bakin zaren bai haɗu ba, to mu yi hattara.

Giram 1 na mai yana da kalori 9, na sitaci ko furotin 4 ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada mai ya wuce kashi 30 cikin 100 na ƙarfin abincin babba. To mu tuna ƙosai da safe, soyayyen wagashi da rana, tsire da dare, ga man ja yana iyo bisa miya. A watan azumi ma abin ƙaruwa yake yi.

Aya ta 31 a Suratul A'araf ta halatta mana ci da sha, ta hana mu wuce iyaka. Hadisin Tirmizi kuma ya koyar da raba ciki uku: abinci, ruwa da numfashi. Mu rage suya, mu ƙara ganye da wake, mu taka da ƙafa zuwa masallaci. Yau da dare mu nemi zare, mu fara da kanmu, sannan mu nuna wa iyayenmu cikin ladabi.

Allah Ya ba mu lafiyar bauta maSa, Ya bar mu da sujuda har ƙarshen rayuwa. Amin.