Ruwan Sama a Cikin Kwantena

A daminar 2023 wata cuta ta faɗa wa gonakin citta a Kudancin Kaduna. Daga Kachia zuwa Kagarko da Jaba ganye ya yi ta ƙonewa, saiwa na ruɓewa a cikin ƙasa, manoma da yawa ko irin da suka shuka ba su mayar ba. Da kaka ta yi, citta ta yi tsadar da tsofaffin kasuwa ba su taɓa gani ba. Mai buhu goma a ɗaki ya zama abin lallashi.

A irin wannan shekara ce Alhaji Sabo, mai sito a kasuwar Dawanau ta Kano, ya samu cinikin da ya daɗe yana addu'a a kai. Ɗan ƙanwarsa Nura, wanda ke rubuta masa wasiƙu ta intanet, ya haɗa shi da wani mai sayen kayan yaji a Hamburg ta ƙasar Jamus. Mutumin yana son busasshiyar citta tsagagga tan 24, wato cikin kwantena mai ƙafa 40, da sharaɗin kada danshinta ya wuce kashi 12 cikin ɗari. Alhaji ya sa hannu, aka yanka wa'adi.

Sai tara kaya ya gagara. Ana saura kwana kaɗan wa'adi ya cika, buhu 600 ake nema, rabi kawai aka haɗa. Ran nan da la'asar Garba dillali ya iso da tirela, ya ce ga sauran, kuma farashin da sauƙi.

Baba Ɗanladi, dattijon da ke riƙe da makullin sito tun zamanin mahaifin Alhaji, ya farke bakin buhu guda, ya zura hannu har gwiwa, ya zaro ta can tsakiya. Ya lanƙwasa ta. Cittar da ta sha ranar hunturu ta ƙoshi ƙas take karyewa, wannan kuwa sai ta tanƙware ta ƙi rabuwa. Ya sansana, ya girgiza kai.

"Alhaji, wannan ba ta gama shan rana ba. Ko dai an yi gaggawar kwashe ta daga shanya, ko kuma an yayyafa mata ruwa don ta yi nauyi a sikeli. A ba ni kwana huɗu in baza ta a kan tamfol."

"Baba, kwana huɗun nan ba ni da su. Kuma in ka baza ta, nauyin da zai tafi wa zai biya ni?"

"Nauyin ruwa ne ai, Alhaji."

"Ruwan ma da kuɗina na saye shi. Hunturu ake yi, ko rigar da aka wanke kafin a juya ta bushe. Kafin ta kai Legas ta ƙarasa bushewa a hanya."

Baba Ɗanladi bai ƙara magana ba, domin wanda ya yi shekaru yana cin albashi a gida ya san inda zancensa ke tsayawa. Washegari aka kawo kwantena. An wanke cikinta a garejin da ta kwana, katakon daɓenta har yanzu da sanyi-sanyi a tafin ƙafa. 'Yan dako suka jera buhuna, busassu da ɗanyu a cakuɗe, suka cusa har suna taɓa rufi. Aka rufe ƙofa, aka ɗaura hatimi, Alhaji ya yi hamdala.

Abin da Alhaji bai tsaya ya auna ba shi ne, iskar hunturun da yake taƙama da ita a waje aka bar ta. Kwantena akwatin ƙarfe ce, ƙofarta da roba kewaye, ƙananan kafofin da ke gefenta ba su isa su shanya komai ba. Duk ruwan da aka rufe da shi a Kano, da shi za a sauka.

Tirela ta yi tafiyar kusan kilomita dubu zuwa Legas, kwantena ta yi kwanaki a Apapa tana jiran jirgi. Da rana rufin ƙarfe ya yi zafin da hannu ba ya iya taɓawa, citta ta ɗumama, ta saki danshinta cikin iska. Da dare ƙarfe ya huce da wuri, kaya kuwa suna riƙe da zafinsu. Duk macen da ta taɓa ɗaga murfin tukunya ta ga ruwa na tsiyaya daga cikinsa ta san sauran labarin. Iska mai zafin digiri 30 tana iya ɗaukar ruwa kimanin giram 30 a kowace mita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi. In ta huce zuwa digiri 10, giram 9 da 'yan kai kawai take iya riƙewa, ragowar dole ta sauke shi, kuma a kan abin da ya fi komai sanyi take saukewa, wato rufi da bango. Da iskar da ke ciki ce kaɗai, da abin bai taka kara ya karya ba, domin duk ruwan da ke cikin iskar kwantena guda bai wuce lita biyu ba. Inda gizo ke saƙar shi ne, kowace safiya kaya suna sake cika iskar, kowane dare iskar tana sake juye shi a rufi.

Jirgi ya tashi, ya bi gaɓar Afirka ta Yamma ya nufi arewa, ya shiga ruwan Turai a tsakiyar sanyinsu na watan Fabrairu. Daga nan rufi bai ƙara bushewa ba. Ɗigo ya haɗu da ɗigo, jirgi ya girgiza, ya zubo a kan buhuna.

Hotunan da suka iso wayar Nura daga Hamburg ba su da daɗin kallo. Buhunan sama sun jiƙe sharkaf, fumfuna fari da kore ta rufe su, tsatsa ta zubo layi-layi a bango. Mai saye ya ce ko buhu ɗaya ba zai karɓa ba. Ba ƙyamar ido kaɗai ba ce. Wani nau'in fumfuna yana haifar da gubar afalatoksin mai lalata hanta, kuma dokar Tarayyar Turai ba ta yarda jimillarta a citta ta haura kashi 10 cikin biliyan ɗaya ba.

Alhaji Sabo ya hau sama ya faɗo. Ya ce kwantenar a huje take, ruwan teku ne ya shiga, kamfanin jirgi sai ya biya shi. Ya sa Nura ya rubuta wa masu jirgi, ya rubuta wa masu inshora. Da amsa ta yi jinkiri sai ya tuna da Hajiya Binta, wadda ta yi shekaru tana tura zoɓon Jigawa zuwa Meziko, ya ce bari ya je ta nuna masa lauyan da ya san shari'ar teku.

Hajiya ta karɓe su a ofishinta, aka gaisa, aka yi jaje. Ta karɓi rahoton mai binciken da ya buɗe kwantenar, ta sa tabarau, ta daɗe tana karantawa.

"Alhaji, ka karanta takardar nan kuwa?"

"Nura ya karanta mini. Turanci ne dai na masu son cin haƙƙin mutum."

"To bari in faɗa maka da Hausa. Mutumin ya shiga ciki, an rufe shi, ya duba ko haske zai shigo ta wata kafa, bai ga ko ɗaya ba. Ya gwada ruwan da ke jikin buhu da wani sinadari mai nuna gishiri, babu gishiri. Ruwan teku kuwa ba ya ɓoye gishirinsa. Kuma duba inda ɓarnar take. Da huji ne, wuri ɗaya zai jiƙe, a ƙarƙashin hujin. Wannan daga ƙofa har ƙurya saman kaya ne ya jiƙe bai ɗaya. Sannan ya auna cittar tsakiya, wadda ɗigo bai taɓa ba, ya samu wasu buhunan a kashi 19, wasu a 20."

Ta jawo takarda ta miƙa wa Nura biro. "Ɗana, yi mana lissafi. Buhu 300 masu kilo 40, tan nawa ke nan?"

"Tan 12, Hajiya."

"Kashi ɗaya cikin ɗari na tan 12?"

"Kilo 120."

"Kilo ɗaya na ruwa lita ɗaya ne. In an ce 12 ka loda 20, ka ƙara kashi takwas."

Nura ya ɗan yi shiru. "Ya kusa lita dubu ɗaya, Hajiya."

"Durom biyar ke nan, Alhaji. Ba duka ne zai hau rufi ba, amma ko durom ɗaya ya hau ya ishe ka kuka. Ban ma sa ruwan da ke cikin katakon daɓe ba."

Alhaji ya gyara zama. "Garba ne ya cuce ni."

"In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ba wanda ya gaya maka a lokacin?"

Nura ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Alhaji ya buɗe baki ya rufe.

Hajiya ba ta bi ta kan wannan ba, ta wuce. Ta ce masu jirgi za su nuna masa takardar lodi, inda aka rubuta cewa mai kaya ne ya loda ya ƙirga da kansa. Masu inshora kuma, ko da ya sayi mafi tsadar kariyarsu, ba sa biyan ɓarnar da ta taso daga halin kayan ko daga sakacin ɗauri. Lauya zai karɓi kuɗinsa ne kawai ya maimaita masa wannan.

Daga nan ta tashi ta kai su bayan ofis, inda ake loda tata kwantenar. Wani yaro ya durƙusa yana soka na'urar auna danshi a katakon daɓe, kusurwa-kusurwa. Ta ce kwantenar da aka kawo jiya ta mayar da ita, an wanke ta ba a bar ta ta sha iska ba. An liƙa takarda mai kauri a bango, an shimfiɗa kwali a ƙasa, wani kwalin yana jiran a rufa a saman kaya. Kowane buhu sai an soka masa na'ura kafin ya shiga. A jikin ƙugiyoyin sama an rataye wasu dogayen jakunkuna farare.

"Waɗannan fa?" in ji Alhaji.

"Gishirin kalsiyam kulorayid ne a ciki. Yana zuƙe danshin iska fiye da nauyinsa, ya mai da shi kunu a cikin jakar, ba ya komawa. Shi ya sa muke toshe ƙananan kafofin nan, don kada ya ɓata ƙarfinsa wajen shan iskar teku. Kuma ka ga na hana su cusa kaya har rufi, tazarar nan ita ke ba iska hanyar isa gare shi."

Idon Alhaji ya yi haske. "Ashe da na sayi wannan da na tsira."

"A'a. Kada ka fita daga nan da wannan karatun. Ko jaka ashirin ka rataya, kafin su sha ko durom ɗaya sun ƙoshi. An yi su ne don ɗan abin da ya rage a busasshen kaya. Durom biyar kuwa rana ce kaɗai ke iya shanye shi, ita kuma kyauta take yi, kwana huɗu kawai take nema."

Alhaji ya dube ta da sauri, don bai gaya mata zancen kwana huɗu ba. Ita ma ba ta san an taɓa faɗa masa ba. Duk wanda ya san shanya abin da zai ce ke nan.

Asarar ba ta tsaya a kan citta ba. An caje shi kuɗin ajiyar kwantena a tashar Hamburg da kuɗin zubar da kayan, ya sayar da filinsa na hanyar Bichi ya biya bashi. Bajamushen bai sake amsa wasiƙar Nura ba. Abin da ya fi ba ni tausayi a irin wannan lamari shi ne buhu 300 na farko, waɗanda manoma suka tsaga da wuƙa ɗaya bayan ɗaya suka shanya yadda ya kamata, a shekarar da citta ta zama zinariya. Su ma sun tafi bola saboda zama da maƙwabta.

Da wata kakar ta zagayo, Nura ya samo wani mai saye, ƙaramin ciniki, kwantena mai ƙafa 20. Alhaji ya sayi na'urar auna danshi ya miƙa wa Baba Ɗanladi. Dattijon ya jujjuya ta, ya ce ya gode, ya ci gaba da karya citta da yatsunsa, Nura na bin sa da na'urar yana rubutawa. Sau da yawa bakinsu ɗaya. Aka baza kaya a tamfol, Alhaji na tsaye yana kallon sikeli na raguwa kullum, yana tsaki, amma bai ce a kwashe ba.

Ana cikin haka Garba dillali ya sake bayyana da mota. Baba Ɗanladi ya zura hannu, ya lanƙwasa, ya miƙa wa Alhaji ba tare da ya ce uffan ba.

"Garba, in ka yarda a shanya a sake aunawa, in biya ka abin da sikeli ya nuna, bismilla."

Garba ya yi dariya, ya ce kasuwa da faɗi. Ya ja motarsa zuwa layi na gaba, gaban siton wani matashi da ya fara harkar fitar da kaya a bana. Ba a jima ba aka ji 'yan dako sun fara sauke buhuna.

"Alhaji, yaron nan ɗan Malam Hadi ne fa," in ji Baba Ɗanladi.

Alhaji Sabo ya zura takalmi, ya karɓi na'urar daga hannun Nura, ya ce masa ya biyo shi da wayar da hotunan Hamburg ke ciki. Suka tarar da matashin yana ƙirga buhuna, fuskarsa cike da murnar araha. Ya gaishe da Alhaji da ladabi, ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya ce, "Baba, na ji. Amma wa'adi ya matse ni, kuma ai hunturu ake yi."

"Samo mana benci," in ji Alhaji. "Nura, buɗe masa hoton farko."